Idan Robar Fitsari ta Mara Ta Maƙale Ranar Canji

A ƙasar Haɗejia, daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Birniwa, akwai mutane da dama da ke rayuwa da robar fitsari wadda aka huda mara aka saka ta kai tsaye cikin mafitsara. Wasu dattawa ne da furosteti ya kumbura ya tare musu hanyar fitsari. Wasu hanyar ce ta tsuke bayan hatsarin mota ko babur, ko bayan ciwon sanyin da bai samu magani da wuri ba. Akwai kuma masu raunin laka da mafitsararsu ta daina aiki. Dukkansu sai an riƙa canza musu robar lokaci-lokaci, kuma yawanci aikin ba ya wuce mintoci kaɗan.

Sai dai wata rana a zuƙe ruwan da ke riƙe da robar, a ja, ta ƙi fitowa. Majinyaci ya tsorata, ɗan rakiya ya tsorata, wani lokaci har mai canjin ya fara tunanin ƙara ƙarfi. Wannan matsala sananniya ce a wajen likitocin mafitsara. Dalilanta ba su da yawa, kowanne yana da mafita, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da fizga ke magancewa.

Yadda robar take zaune a ciki

Robar da aka fi amfani da ita ita ce irin wadda wani likitan Amurka, Frederic Foley, ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Idan ka duba ƙarshenta na waje za ka ga baki biyu. Babban shi ne ake jona wa ledar fitsari. Ƙaramin, mai zobe mai launi, shi ake soka wa sirinji. Daga wannan ƙaramin bakin wata siririyar hanya ta bi jikin robar har zuwa wani ɗan balan-balan da ke kusa da kanta. Bayan an saka robar sai a hura balan-balan ɗin da ruwan allura, yawanci mililita 10, ya kumbura a cikin mafitsara ya hana ta zamewa. Ranar canji a zuƙe ruwan, ya saɓe, robar ta zaro.

Ramin da robar ke bi ya ratsa fata da kitse da tsokar ciki kafin ya kai bangon mafitsara. Bayan makonni jiki yana yi masa bango na tabo, kuma tabo ba ya miƙewa. Saboda haka ɗan kauri kaɗan a kan robar ya isa ya sa ta tsaya a bakin ramin. Wannan ne ya sa robar mara ta fi ta gaba yawan maƙalewa.

Haka kuma ramin ba ya jira. Idan aka cire roba ba a mayar da wata ba, yana iya fara tsukewa cikin awa guda, ya rufe cikin 'yan sa'o'i. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Me ke sa ta maƙale?

Na farko, ruwan balan-balan ya ƙi fitowa. Makullin ƙaramin bakin na iya lalacewa, ko siririyar hanyar ta toshe. Tana toshewa idan an taɓa matse robar da almakashin asibiti ko an ɗaure ta da zare, ko idan an hura balan-balan da ruwan dirif mai gishiri maimakon ruwan allura, gishirin ya daskare a ciki. Idan an zuƙa ruwa da ƙarfi ma bangon hanyar na iya mannewa ya rufe kansa.

Na biyu, ruwan ya fito amma balan-balan bai kwanta sumul ba. Bayan ya yi makonni a kumbure yakan saki, sai ya tattare ya zama wani zobe a wuyan robar, kamar bakin safar da robarta ta mutu. An fi ganin haka a robar da aka yi da silikon zalla, wato mai haske da ake iya ganin fitsari a cikinta. Alamarsa ita ce robar ta fara tahowa, sannan ta tsaya cak.

Na uku, tsakuwa ta taru a kan robar. Duk robar da ta daɗe a jiki ƙwayoyin cuta suna manne mata. Wata daga cikinsu, mai suna Proteus mirabilis, tana farfasa wani sinadari na fitsari ta mayar da shi amoniya. Wannan ne ke kawo warin nan mai hawa kai. Idan amoniya ta yi yawa, ma'adanan da ke narke a cikin fitsari sai su fara daskarewa, kamar farin dattin da ke kama cikin butar dafa ruwa. Su toshe ramukan robar, su yi ɓawo mai kaifi a kan balan-balan. Masu fama da wannan na iya kaiwa rabin masu daɗaɗɗiyar roba. Idan ka murza robar tsakanin yatsu biyu ka ji kamar yashi a ciki, ko ka ga farin gari a cikin leda, to kana cikinsu.

Na huɗu, jiki ne ya riƙe ta. Mafitsara da tsokar ciki na iya murɗawa su damƙe robar, musamman idan mutum yana cikin tsoro ko zafi. Wani lokaci kuma jan tsiron nama ne ya fito a bakin ramin, ko ramin ya ƙara tsukewa da tabo.

Sau da yawa dalili biyu ne ke haɗuwa, misali zobe da tsakuwa a kan robar da ta wuce lokacinta.

Abin da ke ƙara matsalar a yankinmu

Zafi na gaba-gaba. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Jigawa yakan wuce digiri 40. Manomin rani da ya wuni a gonar shinkafa, ko masunci a kan ruwa, yana zubar da ruwan jikinsa ta gumi, fitsarinsa ya ragu ya yi kauri. Fitsari mai kauri ya fi saurin tara tsakuwa.

Sai tsargiya. Ƙwayar wannan cuta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, irin na fadamu da magudanan noman rani da wuraren da kachala ta cunkushe a dausayin Haɗejia zuwa Nguru. Ƙwayayenta suna maƙalewa a bangon mafitsara, su jawo fitsarin jini, bayan shekaru bangon ya yi tauri. Mafitsarar da ta yi fama da tsargiya ta fi saurin zubar da jini idan aka ja roba da ƙarfi. Duk mai roba da ya taɓa fitsarin jini tun yana yaro ya gaya wa likitansa, domin a gwada shi. Maganinta, farazikwantel, sananne ne kuma ana samunsa.

Na ukun shi ne jinkiri. Kuɗin mota, kuɗin sabuwar roba, aikin gona, ko ambaliyar da ta yanke hanya, duk suna sa a ɗaga ranar canji. Robar da aka yi don makonni 4 sai ta yi wata uku a jiki. Mafi yawan robobin da ke maƙalewa da tsakuwa irin waɗannan ne.

Abubuwan da ba a yi

Kada a fizge ta. Ɓawon tsakuwa ko balan-balan da bai saɓe ba zai yaga ramin, ya jawo zubar jini, ya sa sabuwar robar ta kasa samun hanya.

Kada a yanke jikin robar da almakashi ko reza. Abin da ya rage na iya zamewa ya koma cikin mafitsara, daga nan sai an yi aiki kafin a ciro shi.

Kada a yi ta ɗura ruwa ko iska don balan-balan ya fashe. Gutsattsarinsa sukan zauna a mafitsara, tsakuwa ta ginu a kansu.

Kada a zuba kananzir, fetur, man ja, man gyaɗa ko jiƙon gargajiya a cikin robar ko a bakin ramin. Suna ƙona bangon mafitsara, suna shigar da ƙwayoyin cuta.

Kada a zura tsinke, waya ko allura a gida.

Kada a fara cire tsohuwa sai sabuwa tana nan a hannu, tare da mai iya saka ta.

Idan robar ta ƙi fitowa amma fitsari na zuba a leda, babu zazzaɓi, babu ciwo mai tsanani, to akwai lokacin tafiya asibiti cikin natsuwa. A manne ta da filasta a jikin ciki don kada ta zame a hanya, a mayar da leda, a je babban asibiti a ranar. Barin tsohuwar roba mai aiki na wasu sa'o'i ya fi fitar da ita da rauni.

Abin da za a yi maka a asibiti

Ana farawa ne da mafi sauƙi. Za a kwantar da kai rigingine, a ce ka saki ciki ka riƙa numfashi a hankali. Idan murɗawar tsoka ce, jiran mintoci kaɗan kawai na iya isa. Ana iya zuba man kashe zafi mai lidoken a gefen robar, ya kashe zafi ya kuma sa santsi.

Daga nan a ɗan tura robar ciki, a juya ta, don a tabbatar ba ta manne ba. A soka sirinji a bar ruwan ya turo kansa, ba tare da an ja ba. Idan ruwan da ya fito bai kai wanda aka zuba ba, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin balan-balan na silikon yakan rasa wani ɓangare na ruwansa a tsawon makonni.

Idan zobe ne, dabarar ita ce a mayar da ɗan ruwa kaɗan, rabin mililita zuwa 1, wanda zai miƙar da tattarewar ba tare da ya kumbura balan-balan ba. Sai a danne fatar gefen ramin da yatsu, a riƙa ja a hankali ana juyawa.

Idan ruwan ne ya ƙi fita, a canza sirinji, ko a tura mililita 1 zuwa 2 na ruwan allura don buɗe hanyar. In bai yi ba, likita na iya yanke ƙaramin bakin nan shi kaɗai, ya bar jikin robar, don ruwan ya tsiyaye. In har yanzu shiru, a zura wata siririyar waya ta asibiti ta cikin hanyar. Mataki na gaba shi ne a huda balan-balan da allura ana kallonsa a na'urar sikanin. Idan kuwa tsakuwa ce babba, sai likitan mafitsara ya shiga da na'urar leƙa mafitsara ya farfasa ta, ko ya ɗan faɗaɗa ramin bayan an kashe zafi.

Bayan ta fito, za a duba ko balan-balan ya fito cikakke, a mayar da sabuwa nan take. Kada ka bar asibiti sai ka ga fitsari ya zubo ta sabuwar robar. Ɗan jini-jini a fitsari na yini ɗaya ko biyu bayan canji mai wahala abu ne da aka saba gani.

Matakan farko ƙwararren nas ko likita na iya yin su a babban asibiti, kamar Babban Asibitin Haɗejia. Na ƙarshen suna buƙatar kayan aiki da likitan tiyata, don haka ana iya tura ka gaba, zuwa Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko Kano, inda akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Abubakar Imam na cututtukan mafitsara. Ma'aikacin da ya ce maka wannan ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa ya kyauta maka. Ka karɓi takardar turawa ka tafi.

Lokacin da ba a jiran wayewar gari

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Fitsari ya daina zuba na awa 2 zuwa 3, mara ta kumbura tana ciwo, bayan an duba robar ba ta lanƙwashe ba.

Zazzaɓi, rawar sanyi, amai, ciwon kwiɓi, ko dattijo ya rikice yana sambatu. Alama ce cewa ƙwayoyin cuta sun hau ƙoda ko sun shiga jini.

Jini ja-wur ko guda-gudan jini a cikin leda.

Ciwon ciki mai tsanani bayan an saka sabuwar roba, ko ba a ga fitsari ba sam. Mai yiwuwa robar ba ta shiga mafitsara ba.

Robar ta fita da kanta. A rufe ramin da ƙyalle mai tsabta a kama hanya da sabuwar robar ajiya. Kada a mayar da tsohuwar.

Masu raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama suna da wani haɗari na daban. Toshewar roba ko jan ta na iya sa jininsu ya hau farat ɗaya. Alamominsa su ne ciwon kai mai sara, gumi a fuska da wuya, toshewar hanci da dishi-dishin gani. A zaunar da mutum a miƙe, a sassauta masa tufafi, a warware robar idan ta lanƙwashe, a garzaya da shi asibiti. Wannan yanayi na iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki ko rasa rai.

Yadda za a rage faruwarta

Ka san robarka. Launin zoben ƙaramin bakin yana nuna girmanta: kore lamba 14, ruwan goro 16, ja 18. Robar nan mai ruwan ɗorawa da aka fi samu a kyamis ba a so ta wuce makonni 4. Ta silikon zalla na iya kaiwa makonni 12. Kowacce da nata: ta silikon ta fi daɗewa kuma raminta ya fi faɗi, amma ta fi yin zobe. Idan wani iri ya maƙale maka sau biyu, ka nemi likita ya gwada wani.

Canjin farko bayan huda a yi shi a asibitin da aka yi aikin, yawanci bayan makonni 4 zuwa 6, lokacin da ramin ya yi bango.

Ka ajiye ɗan littafi. Duk canji a rubuta rana, lambar roba, irinta, yawan ruwan da aka zuba, da ko ta fito da sauƙi. A roƙi mai canjin ya tsaga kan tsohuwar robar ya duba ko akwai tsakuwa. Bayan canji uku za ka gane naka lokacin. Idan robarka kan toshe a mako na biyar, a riƙa canza ta a na huɗu, ko da kwalinta ya ce tana kaiwa 12.

Ka sha ruwa sosai, lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata 4 zuwa 6, ka ƙara a lokacin zafi. Ma'auninka shi ne launin fitsari: ya zama fari-fari, ba ja kamar shayi ba. Amma mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa ya tsaya kan abin da aka gaya masa. Matsa lemon tsami a ruwan sha na taimakawa wajen jinkirta taruwar tsakuwa. Kanwa kuwa, ko a kunu ko a jiƙo, tana karkatar da fitsari zuwa yanayin da tsakuwar ke so, don haka a rage ta.

Kafin azumin Ramadan ka zauna da likitanka. Wanda robarsa ke yawan toshewa, ko ƙodarsa ta taɓu, wunin ƙishirwa na iya cutar da shi. Ka ji bayanin likita, ka kai wa malaminka, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Ka wanke bakin ramin kullum da ruwa mai tsabta da sabulu, ka tsane shi. Ban da hoda, toka ko man shafawa. Bayan ramin ya warke, ka riƙa juya robar zagaye ɗaya a hankali lokacin wanka don kada ta manne. Ka ɗaure ta a ciki ko a cinya yadda ba za ta ja ba wajen ruku'u da sujada ko hawa babur, kana sauya ɓangare. Leda ta kasance ƙasa da mara koyaushe. Kada ka shiga ruwan kogi ko na fadama har ya taɓa ramin.

Ka guji taurin bayan gida, domin hanji cike yana danne mafitsara. Zogale, rama, kuka, kuɓewa da wake suna taimakawa.

Kada ka riƙa sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kyamis don fitsari ya yi wari ko ya yi duhu. Magani ba ya wanke ƙwayoyin da suka manne wa roba, sai dai ya koya musu jure magani. Ana ba da shi ne idan akwai zazzaɓi ko wasu alamun da likita ya tabbatar.

Shirin damina

Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ke raba ƙauyukan Auyo, Kiri Kasamma, Guri da Kafin Hausa da gari, har sai da kwale-kwale. Kogin Haɗejia ya fi cika a watannin Agusta da Satumba. Mai roba ya tsara canjinsa ya faɗo kafin ruwa ya iso. Ya tanadi sababbin robobi 2 masu lambarsa, da ledoji, da sirinji da ruwan allura, a cikin leda mai ɗaurewa, a wuri mai sanyi nesa da rana. Idan ranar canji za ta faɗo tsakiyar ambaliya, kuma robarsa ta taɓa maƙalewa, gara ya koma wajen 'yan uwa a cikin gari na ɗan lokaci.

A kowane lokaci na shekara, wanda robarsa ta taɓa ba da wahala ya daina canji a gida ko a kyamis. Ya je asibiti da safe, a ranar aiki, lokacin da likitoci da masu sikanin suke nan, domin idan ta sake ƙi akwai sauran yini a gaba.

Tambayar da ya kamata ka yi wa likita

Ba kowa ne aka saka wa robar mara don ya zauna da ita har abada ba. Da yawa an saka musu ne don ceton gaggawa, kafin a yi aikin furosteti ko a gyara hanyar fitsarin da ta tsuke, sai rashin kuɗi ko tsoron tiyata ya mayar da watanni shekaru. Daɗewa da roba na kawo tsakuwar mafitsara da yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta. Bayan shekaru masu yawa yana ƙara haɗarin wani nau'in sankarar mafitsara, irin wanda tsargiya ma ke jawowa. Don haka a zuwanka na gaba ka tambaya: shin akwai aikin da zai raba ni da wannan roba, nawa ne, kuma a ina ake yi? Idan amsar ita ce sai dai a ci gaba da ita, ka nemi a riƙa duba ƙodarka da mafitsararka aƙalla sau ɗaya a shekara.

'Ya'ya da matan da ke jinyar mai roba, ku ne kuka fi kowa ganin ledar kullum. Ku riƙe littafin, ku tuna masa ranar canji, ku tanadi kuɗin mota tun kafin ranar. Idan kuma aka zo canji ta ƙi fitowa, ku ne za ku ce a dakata, a tafi inda ake da kayan aiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.